Bashin Nauyi

A Valparaíso, inda gidaje ke hawan dutse
kamar awakin da suka ƙi saukowa,
ƙofarmu matakala bakwai gare ta.
Shekara talatin ina taka su, ban taɓa ƙirgawa ba,
sai ranar da asibiti ya sallamo mahaifina, Eleuterio,
ɓarin jiki a shanye, harshe a ɗaure, a kan keke.
Muka tsaya a ƙasa, ni da shi, muna kallon ƙofa
kamar an ce mu hau wata.

Shi ne fa ɗan dakon tasha,
shekara arba'in, gishirin teku a gemu.
Ina ƙarama nakan kai masa abincin rana,
in tarar da shi gaban gangar man kifi
wadda ƙarti huɗu suka cira, suka ajiye, suna haki.
Shi ba ya cira.
Katako biyu yake jinginawa a bakin mota,
ya mirgina ta sama, yana fito.

"Nélida," yakan ce, "nauyi bashi ne.
Ba a yafe shi, ba a kuma tsere masa.
Mai gaggawa ya biya a dunƙule, ƙugunsa ya shaida.
Ni kuwa roƙo nake a tsawaita min hanya,
in biya kaɗan-kaɗan."

Ya nuna min sandar ƙarfe da ɗan dutse a gindinta:
hannu ya sauka kamu uku,
akwati ya tashi taƙi guda, an rabu lafiya.
Ya nuna min igiya a wuyan kura biyu:
ki ja gaba biyu, kaya su hau gaba guda,
rabin nauyin ya tafi yawo.
Na ji, na manta, na girma, na kama aikin banki.

Osvaldo kafinta, maƙwabcinmu, ya zo da falankai,
ya shimfiɗa su miƙe a kan matakalan,
ya ce an gama, a ba shi shayi.
Na tura keken. Taku uku, takalmina ya zame,
ƙarfe ya daki gwiwata, muka dawo inda muka tashi.
Sai na ji wani sauti.
Tsohon ne ke dariya da rabin baki.

Ya kamo tafina da hannunsa mai rai,
ya zana da yatsa: layi zuwa gefe,
lanƙwasa, sannan layi ya dawo.
Sau uku ya zana kafin in gane.

Muka kwance igiyar shanya.
Muka tuge furannin da mahaifiyata ta shuka,
na yi kuka, na ci gaba da tugewa.
Hanya ta bi jikin katanga har gindin lemo,
ta juya, ta komo ƙofa.
Mita goma sha huɗu na katako,
don hawan da bai wuce ƙirjina ba.
Osvaldo ya ce ɓarnar ƙusa ce.

Yanzu ko da jakar cefane a kafaɗa ina tura shi.
Nauyinsa bai ragu ba, ko da na ƙwayar wake.
Yana nan cif, ya dai bazu a kan katako,
kowane taku ya ɗauki rabonsa.

A lanƙwasar nan, gindin lemo,
yakan danne birki ba shawara.
Daga nan ana hango tasha:
injinan ɗaga kaya masu dogon wuya
suna ɗaukar abin da dā sai mutum ɗari.
Yakan daɗe yana kallo, leɓensa na motsi,
ban sani ba ko lissafi yake, ko fito.

Ni kuwa in tsaya a bayansa, miya na hucewa a ciki,
ina jiran ya saki.